Idan Aka Rage Wa Ƙorama Matsayi A Dokar Ruwa Ta Amurka, Me Ke Canzawa?

Jama'a akwai wata doka a Amurka da na daɗe ina so mu warware ta dalla-dalla, don gaskiya ta shiga raina duk da tana da nata raunin. Maganar 'yar ƙorama ce fa, irin wadda yaro zai tsallake ba tare da ya naɗe wando ba. A can kusan duk kogi da rafi da tafki akwai abin da aka rubuta a kundin dokar jiha cewa ga amfanin da aka ware masa: wannan na ruwan sha ne, wancan na wanka da iyo, wannan mazaunin kifi ne, wancan na ban ruwa da shayar da dabbobi, kuma ruwa ɗaya yakan ɗauki uku ko huɗu a lokaci guda. Toh wata rana sai ka ga 'yar sanarwa daga hukumar muhalli ta jiha wai za a sauya wa ƙorama kaza matsayi, layi biyu kawai a cikin dogon jadawali, mutum ya wuce bai ma lura ba. Alhali layi biyun nan su ne ke yanke yawan dattin da doka za ta yarda a zuba a ruwan.

Asalin abin daga Dokar Tsaftar Ruwa ta 1972 ne, wadda Shugaba Nixon ya ƙi sa wa hannu saboda tsada, majalisa ta tsallake shi ta tabbatar da ita a watan Oktoba na shekarar. Shekara uku kafin nan, a watan Yunin 1969, kogin Kuyahoga na jihar Ohayo ya kama da wuta saboda mai da tarkacen masana'antu da ke yawo a kansa, kuma ba shi ne karo na farko ba. Dokar ta ɗora buri cewa duk inda zai yiwu, ruwan ƙasar ya zama kifi na rayuwa a ciki mutane kuma na iya shiga su yi iyo, har ta sa wa'adin 1 ga Yulin 1983. Ba a cimma wa'adin ba, amma burin na nan daram, kuma a kansa aka gina komai: ana ɗaukar kowace ƙorama a matsayin mai iya riƙe kifi da masu wanka har sai wani ya kawo hujjar cewa ba za ta iya ba. Nauyin hujja na kan mai son a rage.

Yadda abin ke tafiya kamar igiya ce mai ƙulli uku. Jiha ta ce ga amfanin ruwan, sai ta sa ma'aunin da zai kare wannan amfanin, sannan a ɗauki ma'aunin a lissafa lasisin da ake ba kamfani ko matatar ruwan bayan gida ta gari, lasisin da ake sabuntawa duk shekara 5, a rubuta musu iya abin da za su saki ta bututu. Ka taɓa ƙullin farko, sauran biyun sun motsa. Bari in ba da misali da Ohayo tunda sun rarrabe abin hawa-hawa. Rafin da aka ajiye a matsayin mazaunin kifin ruwan ɗumi na yau da kullum, dole iskar oksijin da ke narke a cikinsa ta kai miligiram 5 a lita a matsakaicin yini, kada ta taɓa sauka ƙasa da 4. Idan na musamman ne mai yawan nau'in kifi, irin rafin Big Darby da ke yamma da birnin Kolombos, sai a ɗaga zuwa 6 da 5. Wanda aka riga aka yashe aka miƙar da shi ya koma kamar lambatu, 4 da 3. Can ƙasan tsani kuma akwai wanda suke kira ruwa mai ƙarancin albarka, shi 3 da 2 ne kawai, kuma a wannan matakin sai halittu masu taurin rai ke zama. Haka a ɓangaren wanka: ruwan da mutum zai nutsa kansa a ciki, ma'aunin ƙwayar cutar E. coli shi ne 126 a cikin mililita 100 a matsakaici, idan aka mayar da shi na tsoma ƙafa kawai sai adadin da aka yarda da shi ya ninka sau da yawa.

Kuma me ya sa rigimar ta fi yawa a kan ƙananan ƙoramu? Saboda babu ruwan sirki. Babban kogi idan ka zuba masa ruwan matata zai haɗiye ya surka, amma 'yar ƙorama da rani ta ja baya, wani lokacin abin da ke gudu a cikinta kusan duk daga bututun matatar garin yake fitowa, toh kaga dole ruwan ya cika ma'auni tun daga bakin bututu. Ƙaramin gari mai mutum dubu biyu sai a ce masa ya rage sinadarin amoniya mai kashe kifi ko ya sa na'urar kashe ƙwayoyin cuta, kuɗin ya fi ƙarfin aljihunsu, sai shugabannin garin su duba su ce ai ƙoramar nan ba mai kamun kifi a cikinta, ba mai wanka, me zai hana a sauya mata matsayi kawai? Ni ban ɗauki waɗannan mutanen a matsayin mugaye ba, talakawa ne za su biya bil ɗin ruwa. Amma sauya suna ya fi gina matata arha nesa ba kusa ba, shi ya sa doka ta sa ƙofar ta zama ƙunƙuntacciya.

Katanga ta farko wata rana ce da ya kamata a haddace: 28 ga Nuwamban 1975. Duk amfanin da ruwa ya taɓa bayarwa a zahiri daga wannan rana zuwa yau, ko an rubuta shi a doka ko ba a rubuta ba, sunansa amfanin da ke akwai, kuma ba a cire shi. Idan a 1980 akwai kifi iri-iri suna hayayyafa a ƙoramar sannan wata masana'anta ta zo a 1990 ta kashe su, ba za a zo yau a ce tunda babu kifi a sauke matsayin ba. Wannan wurin shi ya fi burge ni wallahi, domin ya toshe dabarar nan ta ka ɓata abu sannan ka kafa hujja da ɓacinsa. Akwai kuma jimla guda a ƙa'idar da ta ce ko ta halin ƙaƙa jiha ba za ta ware ruwa don ɗaukar datti ko kwashe shara ba. Duk wanda ya san yadda ƙoramar Jakara ta koma a Kano zai gane nauyin wannan jimlar ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Idan an wuce wannan katangar, sai jiha ta yi wani bincike da ake kira UAA a taƙaice, wato binciken ko amfanin zai samu ko ba zai samu ba. Ma'aikata su sa dogayen takalman roba su shiga ruwan, su sa na'urar lantarki da ke sumar da kifi na ɗan lokaci su ƙirga su su mayar, su kwashi ƙwarin da ke maƙale a ƙarƙashin duwatsu, su auna zurfi da gudu, su duba ƙasan tsakuwa ce ko laka, akwai inuwar bishiyoyi ko babu. Daga nan dole su nuna ɗaya daga cikin dalilai shida da ƙa'idar tarayya ta amince da su, babu na bakwai. Uku daga ciki na halitta ne: ko ƙasar wurin da kanta ke fitar da gishiri ko wani ƙarfe ba hannun kowa, ko ruwan ba ya isa saboda ƙoramar na ƙafewa, ko kuma siffar wurin ba ta ba kifi mafaka, babu gurbi mai zurfi babu tsakuwa. Biyu na aikin ɗan Adam ne, ɓarnar da ba ta gyaruwa ko wadda gyaranta zai fi barinta illa, kamar tsoffin ramukan kwal na kudu maso gabashin Ohayo da ke ta tsiyayar da ruwa mai tsami, sai kuma madatsa ko karkatar da ruwa da ba yadda za a mayar da shi yadda yake.

Na shida shi ne na kuɗi, kuma a nan ake kai ruwa rana. Ba a ce kamfani ya nuna ribarsa za ta ragu ba, an ce sai an nuna tsananta ma'aunin zai jawo babbar illa ta tattalin arziki da zamantakewa wadda za ta game al'umma. Jagorar da hukumar muhalli ta tarayya, EPA, ta fitar a 1995 takan duba ko kuɗin da gida zai riƙa biya a shekara ya haura kashi 2 cikin 100 na matsakaicin kuɗin shigar gidajen garin, sannan a ƙara duba bashin da ke kan garin da rashin aikin yi. Ra'ayina a nan shi ne, talauci abu ne da ke canzawa, tallafi na iya zuwa, fasaha na iya yin arha, don haka bai kamata a sauke matsayin ruwa dungurungum saboda shi ba. Gyaran da aka yi wa ƙa'idar a 2015 ya fayyace wata hanya da ta fi dacewa: a ba mai lasisi sassauci na ƙayyadadden lokaci, yana yin iya ƙoƙarinsa, matsayin ƙoramar kuma na nan ba a taɓa ba. Wannan gyaran ne kuma ya ce ko an cire wani amfani, dole a ajiye ruwan a kan mataki mafi girma da zai iya kaiwa, ba a sake shi ya faɗa ƙasa warwas ba.

Wata hujja da ake yawan kawowa ita ce ruwan bai kai gwiwa ba, wa zai yi iyo a nan? Amma dalilin nan na siffar wuri, kifi da sauran halittun ruwa kaɗai ya shafa, ba a cire matsayin wanka da shi. Kuma duk wanda ya yi renon yara ya san ruwa marar zurfi shi ne nasu, su zauna a ciki, su watsa wa juna, ya shiga baki ya shiga hanci. Ƙoramar da ta ratsa bayan gidaje ko gefen makaranta ta fi wani babban kogin haɗuwa da bakin yaro. Sannan akwai mutanen da ke can gaba inda ruwan ke gangarawa, domin ruwa ba ya tsayawa a inda layin taswira ya tsaya, doka ta ce duk matsayin da za a sa wa ƙorama sai ya kare ruwan da take zubawa a ciki.

Jiha ba ta yin wannan a ɓoye. Dole ta kira taron jin bahasin jama'a, da sanarwar aƙalla kwana 45, ta ajiye takardun binciken kowa ya gani. A nan ne maganar mutumin unguwa ke da daraja fiye da yadda yake zato, tsohon hoton yara na wanka a wurin, ko dattijon da zai ce ga irin kifin da yake kamawa a nan a shekarun 1980, wannan shaida ce kan amfanin da ke akwai kuma tana iya rusa buƙatar gaba ɗaya. Bayan jiha ta amince sai ta aika wa EPA, ita kuma tana da kwana 60 ta yarda ko kwana 90 ta ƙi, kuma tun shekarar 2000 sabon matsayin ba ya aiki a lasisi sai ta sa hannu. Ko an rage ɗin ma ba shikenan ba, duk shekara 3 sai an sake duba ruwan da aka ajiye ƙasa da burin kifi da iyo, idan sabon bayani ya nuna zai iya, a ɗaga shi.

Kuma ana ɗagawa ɗin fa. A Shikago an daɗe ana ɗaukar magudanan birnin a matsayin ruwan da ba a shiga, matatu na sakin ruwa ba tare da kashe ƙwayoyin cuta ba, amma mutane suka yi ta shiga da ƙananan kwale-kwale, a watan Mayun 2011 EPA ta ce wa jihar Ilinoi ta ɗaga matsayin wasu sassa zuwa na iyo, zuwa 2016 manyan matatu biyu sun fara kashe ƙwayoyin. Kuyahoga ɗin da ya ci wuta kuwa, a 2019 aka sanar ana iya cin kifinsa bisa irin shawarar da ake bayarwa kan sauran ruwayen jihar. Da a 1970 aka yanke masa hukunci da abin da ido ke gani, da an rubuta shi cikin matattu.

Abin da ke damuna yanzu wani ne daban. Duk kariyar nan tana aiki ne idan ƙoramar na cikin ruwayen da dokar tarayya ta rufe. A watan Mayun 2023 Kotun Ƙoli, a shari'ar Sackett da EPA, ta taƙaita ma'anar zuwa ruwan da ke da ɗan dawwama, wato ƙoramun da sai an yi ruwan sama suke gudu sun fita daga hannun tarayya, sai abin da jiha ta ga dama. Irin waɗannan ba a ma buƙatar wani bincike ko taron jin bahasi a matakin tarayya kafin a yi watsi da su, kuma a jihohin hamada kamar Arizona da Nebada su ne mafi yawan ƙoramun. Ita EPA da kanta ta taɓa ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 117 a Amurka na samun wani ɓangare na ruwan shansu daga ƙananan ƙoramu na tushe da masu ƙafewa da rani.