Waiwaye: Kwana 216 da korona ta yi a jikin mace ɗaya

Har yau ba a daina jayayya a kan asalin nau'in korona na Omicron ba. Wasu masana na ganin daga jikin dabba ya dawo wa mutane, wasu na cewa ya daɗe yana yawo a inda ba a cika gwaji ba, a majalisu da Facebook kuwa akwai masu rantsuwa cewa ƙera shi aka yi. Da yawa sun ɗauka rana tsaka abin ya faɗo. A ƙarshen Nuwamban 2021 ne masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka ba da labarinsa, ɗauke da sauye-sauye wajen 50, sama da 30 a kan ƙayar da ƙwayar take maƙalewa da ita. Kafin mako biyu an rufe wa matafiya daga ƙasashen Afirka da dama ƙofa, har da Najeriya.

Rikiɗar ƙwayar cuta tsohon zance ne. Tun 1947 aka ga allurar mura ta kasa kare mutane saboda ƙwayar ta canza kama. A shekarun 1990 kuma aka gano cewa HIV na haifar biliyoyin 'ya'ya a kullum cikin jiki ɗaya. Duk sanda ƙwaya ta kwafi kanta tana iya yin kuskure. Sojojin jiki sai su hallaka waɗanda suka gane, wadda kuskuren ya sauya wa fuska ta kuɓuta, ita ce za ta hayayyafa. A jikin mai lafiya, mako ɗaya zuwa biyu an gama da korona, ba ta samun sararin wannan rikiɗa sosai. Inda garkuwa ta yi rauni kuwa, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. A Kambirij ta Ingila, a 2020, an ga haka a jikin wani dattijo mai sankarar jini: da an ƙara masa ruwan jinin waɗanda suka warke sai nau'in da ya iya zillewa ya yi yawa, da ƙarfin ruwan ya ragu sai ya ja baya.

Amma labarin da nake ganin an tsallake shi ne na wata mata mai shekara 36 a yankin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu. A Satumban 2020 aka kwantar da ita da korona, ta ɗan kwana biyu aka sallame ta. Tana ɗauke da HIV shekara da shekaru, kuma maganin da take kai ya daina riƙe cutar, garkuwarta ta kusa ƙarewa ƙarƙaf. Da yake tana cikin wani bincike a Durban, sai aka ci gaba da kiranta ana ɗaukar samfuri daga hancinta da maƙogwaronta. Wata ya wuce, wani ya zo, gwaji na nuna ƙwayar na nan daram, alhali ita ba ta jin wani ciwo na a zo a gani. Da aka jera samfuran aka karanta, sai ga sauye-sauye sama da 30 sun taru, 13 a kan ƙayar nan. Cikinsu har da E484K da N501Y, irin waɗanda aka sani a nau'in Beta, na farkon yana taimaka wa ƙwayar kauce wa garkuwa. Wato abin da ake zaton sai cuta ta ratsa dubban mutane kafin ya faru, ga shi ya faru a jiki ɗaya.

Babu mai cewa daga jikinta Omicron ya fito, kuma zalunci ne a ɗora wa masu HIV laifi. Masu sankara da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ma suna cikin wannan hali. A Holan wani dattijo mai shekara 72 ya yi kwana 613 da ƙwayar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda labarin matar ya ƙare. Wajen wata shida da kamuwarta aka sauya mata maganin HIV zuwa haɗin da ke da dolutegravir. Cikin 'yan makonni cutar HIV ɗin ta lafa, garkuwa ta fara farfaɗowa, jikinta da kansa ya kori koronar. Kwana 216 ke nan cif. Ba wani sabon magani mai tsada aka ba ta ba, ƙwaya ɗaya ce a rana, irin wadda ake rabawa a asibitocinmu.

An fitar da rahoton a Yunin 2021, wata biyar kafin duniya ta ji sunan Omicron. Masu binciken sun ja hankali a kan masu HIV da ba a gano ba, ko waɗanda magani bai riƙe su ba. A lokacin hankalin duniya yana kan filayen jirgin sama da takardun gwajin matafiya. Har yanzu kuma akwai mutum wajen miliyan 9 a duniya da ke ɗauke da HIV ba sa kan magani.