Bindigar da ke hannun ɗan sandan cikin fim: abin da dokar Birtaniya ta yafe da abin da ba ta yafe ba

Wani ƙanena da ke karatu a Ingila ya kira ni kwanakin baya yana neman shawara. Shi da abokansa suna son ɗaukar ɗan gajeren barkwanci na 'yan sandan zamanin da, da doguwar kwat da hula da libarba a ƙugu, irin na finafinai masu dogon zango da suke kallo. Sai ya ce, "Yaya, magana uku muka ji, kuma kowa rantsewa yake yi." Wani ya ce musu in dai fim ne babu laifi. Wani ya ce tsohuwar bindiga ba bindiga ba ce a wurin doka. Na uku ya tsinka musu zuciya, ya ce ko bindigar roba aka gani a ɗakinka, shekara biyar ce babu tambaya.

Duk ukun kuskure ne. Abin da ya sa suke yaɗuwa shi ne kowace tana ɗauke da ɗan guntun gaskiya.

Mu fara da wadda ta fi tsoratarwa. Ɗaurin shekara biyar ɗin nan akwai shi, amma ba don bindigar roba aka yi shi ba. Na makaman da sashe na 5 na Dokar Bindigogi ta 1968 ya haramta ne, kuma ƙananan bindigogin hannu sun shiga wannan sahu tun 1997, bayan wani mutum ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane na Sikotlan a watan Maris na 1996 ya kashe yara 16 da malamarsu. Duk bindigar da bututunta bai kai santimita 30 ba, ko tsawonta gaba ɗaya bai kai santimita 60 ba, ta zama haramtacciya, in ban da 'yan tsirarun da doka ta keɓe. Baligin da aka kama da ita ba tare da izinin gwamnati ba, mafi ƙarancin abin da alƙali zai ba shi shekara biyar ne, sai fa in akwai wani dalili na musamman ƙwarai. Mafi yawa shekara goma.

To ai libarbar da ke hannun jarumin fim ɗin irin wannan ce. Shirin Life on Mars na BBC, wanda labarinsa ke faruwa a Mancesta a 1973, ga 'yan sanda nan suna zaro ta in rana ta ɓaci. Ya aka yi ba a kama kowa ba?

Sashe na 12 na wannan doka ta 1968 shi ne amsar. Ya ce wanda yake cikin wasan kwaikwayo, ko gwajinsa, ko aikin shirya fim, yana iya riƙe bindiga ba tare da lasisi ba, a lokacin aikin kuma domin aikin. Ku lura da waɗannan sharuɗɗa biyu. Sassaucin bai bi bindigar zuwa gida ba, bai bi ɗan wasan zuwa gida ba. Darakta na cewa a tsaya, an tashi daga lokeshin, ya ƙare. Sannan in makamin na sashe na 5 ne, wannan bai isa ba: sai wanda ke da alhakin shirin yana da izini a rubuce daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. A aikace, kamfanonin fim ba sa ma mallakar bindigogin. Hayar su suke yi daga masu sana'ar, kuma mai kula da makaman yakan zo da abinsa, shi zai ɗura, shi zai miƙa wa ɗan wasa, shi zai karɓe da an gama, ya ƙirga ya kulle. Abin da ake ɗurawa holoƙon harsashi ne, albarushi kawai babu ƙwaya, mai ƙara da wuta da hayaƙi. Shi wannan doka ba ta neman lasisi a kansa muddin faɗinsa bai wuce inci ɗaya ba.

Kada kalmar holoƙo ta yaudari kowa. A 1984 wani ɗan wasan talabijin a Amurka, Jon-Erik Hexum, ya ɗora irin wannan bindiga a gefen kansa da wasa ya danna kunama, ƙarfin iskar kaɗai ya fasa masa ƙashin kai, ya mutu bayan 'yan kwanaki. A 2021 kuma harsashi na gaske ya shiga bindigar fim a jihar New Mexico ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, aka ɗaure mai kula da makaman wata 18.

Da yawa daga bindigogin da ake gani a ƙugun 'yan wasa ma ba sa harba komai. Wasu na roba ne da aka yi wa fenti, wasu na ƙarfe ne da aka ƙera don kama kawai, wasu na gaske ne da aka kashe su aka toshe, ɗaya daga gidajen gwajin bindiga biyu na ƙasar, na Landan ko na Birmingham, ya buga musu hatimi ya ba da takarda. A nan ne magana ta farko, wai in fim ne babu laifi, take samun gindin zama. Dokar Rage Laifukan Tashin Hankali ta 2006, a sashe na 36, ta haramta ƙera bindigar bogi mai kama da ta gaske, ko sayar da ita, ko shigo da ita ƙasar. Sashe na 37 ya ba da kariya ga gidajen tarihi, masu wasan daɓe, masu fim, masu shirin talabijin, masu kwaikwayon yaƙe-yaƙen tarihi, da ma'aikatan gwamnati a bakin aiki. Daga baya aka ƙara masu wasan harbin ƙwallayen roba da ke da inshora. Hukuncin wanda ya karya sashe na 36 ɗaurin watanni ne ko tara, kotun majistare ce ke yanke shi.

Ajiye irin wannan bindiga a cikin gida ba ya cikin abin da sashen ya lissafa. Saboda haka na gaya wa ƙanena ya kwantar da hankalinsa ta wannan ɓangaren. Amma in ya yi odarta ta intanet daga wata ƙasa, shi ne mai shigowa, kuma shi kwastan za su tambaya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, wato maganar tsufa. Akwai shekaru biyu a cikin dokokin nan, 1870 da 1939, kuma mutane suna cakuɗa su kamar abu ɗaya ne. Ba su da alaƙa.

Shekarar 1870 ta shafi bindigar bogi ce kaɗai. Dokar 2006 ta ce bogin da ake hanawa shi ne wanda ya yi kama da bindigar zamani, kuma bindigar zamani a wurinta ita ce duk wadda ƙirarta ba ta girmi 1870 ba. Ke nan in ka ƙera kwaikwayon bindigar da ake ɗurawa ta baka, irin ta zamanin yaƙin Napoliyon, 'yar uwar bindigar tokar maharbanmu, sashe na 36 bai taɓa ka ba. Amma mai shirya fim ɗin 'yan sandan Landan na shekarun 1880, lokacin da aka fara ba wasu masu sintirin dare libarba ƙirar Webley saboda ɓarayi masu makami, ya riga ya tsallako wannan layi. A idon mai kallo abin tsohon yayi ne, na zamanin keken doki da fitilar gas. A idon doka na zamani ne. Haka wanda zai nuna ƙawanyar da 'yan sanda suka yi wa wani gida a titin Sidney na Landan a Janairun 1911, inda wasu mutum biyu masu bindigogin Mauser suka fi ƙarfin 'yan sanda har sai da aka kira sojoji, Winston Churchill yana tsaye yana kallo a matsayinsa na ministan cikin gida. Shekara ɗari da 'yan kai, amma kwaikwayon waccan Mauser ɗin bindigar zamani ce.

Dokar ta kuma toshe wata kafa. Ba za ka ce ai duk wanda ya duba da kyau zai gane ta bogi ce ba. In sai masani ne zai bambanta, ko sai an ƙura ido kusa, ko sai an gwada ɗurawa, to tana kama da ta gaske. Hanyar fita ita ce launi ko girma: a yi mafi yawan jikinta da launi mai ɗaukar ido irin ja, ruwan lemo, rawaya, kore, shuɗi, ko ta zama garai-garai ana ganin cikinta, ko kuma 'yar mitsitsiya da ba ta kai milimita 38 a tsaye da 70 a kwance ba. Wane darakta ne zai ba sufeton 1889 libarba ruwan hoda? Shi ya sa ba su da makawa sai sashe na 37.

Ita kuwa 1939 ta bindigar gaske ce. Sashe na 58 na dokar 1968 ya yafe lasisi ga tsohuwar bindiga da aka ajiye don ado ko sha'awar tarihi. Shekara da shekaru doka ba ta faɗi abin da take nufi da tsohuwa ba, sai a watan Maris na 2021 aka fito da ƙa'ida: dole an ƙera ta kafin 1 ga Satumba 1939, kuma dole ta kasance mai cin harsashin da ke cikin jerin waɗanda aka daina yi, ko mai tsohuwar hanyar tashi irin ɗurin baka. Dukansu biyun ake so, ba ɗaya ba. Bindigar Luger ta Jamus ta yaƙin duniya na farko ta girmi 1939 nesa ba kusa ba, amma harsashin milimita 9 take ci, wanda har gobe ake yi, don haka haramtacciya ce. Sannan ko wadda ta cika sharaɗi, ranar da ka yi niyyar harba ta, ta tashi daga kayan ado. A wannan gyaran ne aka cire nau'in harsashi bakwai daga jerin, ciki har da .44 na Smith and Wesson samfurin Rasha da .442 na Webley. Mutanen da suka sayi irin waɗannan da halaliyarsu suka wayi gari sai sun nemi lasisi ko sun rabu da su.

Wake ɗaya ne ya ɓata gari. A 2017 kotu a Birmingham ta ɗaure wani dillalin bindigogi, Paul Edmunds, shekara 30. Yana sayar da tsofaffin libarba yana kuma haɗa musu harsashi da hannunsa, har aka danganta kayansa da wuraren aikata laifi sama da ɗari. Ban ga laifin gwamnati ba da ta rufe wannan ƙofa, ko da yake dattijon da ya rataye libarbar kakansa a bango shi ma ya sha dukan da ba nasa ba.

Abin da ya fi damuna game da su ƙanena ba duk wannan ba ne. Sashe na 19 na dokar 1968 ne. Fita bainar jama'a da bindigar bogi ba tare da izini ko uzuri mai ma'ana ba laifi ne, ɗaurinsa yana kaiwa wata 12. A nan babu ruwan doka da 1870, babu ruwanta da sashe na 37. Duk abin da ya yi kama da bindiga ya shiga. Kuma nauyin kawo hujjar uzurin a kan wanda aka kama yake, ba a kan mai gabatar da ƙara ba. In kuma aka ce ka riƙe ta da nufin sa wani ya ji tsoron za a cuce shi, an koma sashe na 16A, mai shekara goma. Masu barkwancin tsorata mutane a titi don a ɗauki firgitarsu, su ji wannan da kyau.

Ɗaukar fim uzuri ne mai ma'ana? Yana iya zama. Sai dai a nan nake ganin dokar ta fi tausaya wa mai kuɗi. Babban kamfani yana da inshora, da izinin ƙaramar hukuma, da mai kula da makamai, ya sanar da 'yan sanda tun da wuri an ba shi lambar rajista, wani lokacin har da ɗan sanda a tsaye a lokeshin, an bi gida-gida an gaya wa maƙwabta. 'Yan sandan Landan suna da sashe guda na harkar fim don irin wannan. Ɗalibi huɗu da waya ɗaya a bayan tashar mota ba su da ko ɗaya, kuma uzurin nasu sai a gaban alƙali za a saurare shi, bayan an kwana a ofishin 'yan sanda, ga biza tana lilo. Kafin alƙali ma akwai wanda zai fara isowa. Maƙwabciya ta leƙo ta taga ta buga 999, lambar kiran gaggawa, waɗanda za a turo masu ɗauke da makamai ne, kuma ba su karanta labarin fim ɗin ba. A 2001 'yan sanda sun harbe wani baƙar fata har lahira a unguwar Brixton, abin da ke hannunsa abin kunna sigari ne mai siffar bindiga.

Su ƙanena akwai kuma maganar kakin. A gida ma ba sabon abu ba ne, tunda a 2022 rundunar 'yan sandan Najeriya ta gargaɗi masu fim da masu barkwanci kan sa kakinta ba da izini ba. A Ingila tsohuwar kwat da hular zamanin Sarauniya Biktoriya ba za su sa a ɗauke ka ɗan sandan yau ba, amma kaki mai kama da na yanzu a kan titi wata dokar ce daban ke jiransa.

Da ya ce to ko su sayi mai harba holoƙo su yi abinsu a cikin gida, na ce ya tsaya tukuna. Wata doka ta 1982 ta ce bogin da za a iya mayarwa bindigar gaske cikin sauƙi, bindigar gaske ce. A kan wannan ne aka gano cewa wasu masu harba holoƙo ƙirar Turkiyya, na kamfanonin Retay, Ekol, Ceonic da Blow, ana iya juya su da kayan aikin gida. An ba mutane watan Fabrairun 2025 su miƙa su ga 'yan sanda a Ingila da Wales ba tare da tuhuma kan mallaka ba. Waɗannan a kantuna aka saye su a fili, da rasit. Wanda har yanzu yake da ɗaya a cikin durowa, makamin sashe na 5 yake ajiye da shi.