Baƙaƙen mata da gashin kanti: ga amsoshin, a bar ni in huta

Tambayoyin nan sun ishe ni, kullum su ke nan. Zan amsa su a wuri ɗaya.

Wai ba su da gashi ne?

Suna da shi. Yana nan a kitse a ƙarƙashi, a kan kitson ake ɗinka na kantin.

To gashin baƙar fata ba ya tsawo ne?

Yana yi, kusan santimita ɗaya a wata. Murɗaɗɗe ne, sai ya ƙanƙance ka ɗauka gajere ne. Kuma maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya gangarawa har bakin gashi cikin sauƙi, don haka yake bushewa ya karye. Abin da ya tsiro daga tushe, mataji ya cinye shi a baki.

Ba son zama Baturiya ba ne kawai?

Yawanci maza ke yin wannan tambayar, waɗanda ba su taɓa ɓata yini guda kan tsifa da wankin kai da taza ba. Malam, wata sauƙi take nema, ta tashi da safe ta fita aiki ba sai ta yi dambe da mataji ba. Wata kwalliya ce kawai, yau gajere gobe har baya. Wata kuma nata take hutarwa.

Amma ban ce babu tarihi a ciki ba. A 1786 gwamnan Luwiziyana (yankin da ke cikin Amurka a yau), Esteban Miro, ya kafa dokar da ta tilasta wa baƙaƙen mata rufe gashinsu da ɗankwali. A Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata, fensir ake soka wa mutum a gashi, in ya maƙale bai faɗo ba a ce ba farar fata ba ne. Ko a 2016 sai da ɗalibai mata suka yi zanga-zanga a wata sakandare a Pretoria kan hana su zuwa da gashinsu yadda Allah ya halitta shi. Sai a 2019 jihar Kalifoniya ta zama ta farko a Amurka da ta haramta nuna wa mutum bambanci a wurin aiki ko makaranta saboda gashinsa, da dokar CROWN. Macen da ta san gashinta zai iya hana ta aiki, za ka zarge ta don ta rufe shi?

Gashin wa ake sakawa?

Na mutane mai yawa daga Indiya yake fitowa, inda masu bauta ke aske kai a wuraren ibada irin na Tirumala, a sayar da gashin. A sarrafa shi a Sin, musamman a birnin Xuchang. Wanda ake kira na Brazil sau da yawa sunan kasuwa ne kawai. Mai araha kuma zaren roba ne irin Kanekalon na Japan.

Gaban goshina yana zubewa tun da na fara sakawa. In daina ne?

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, amma ki saurara. Ban ga kanki ba, don haka ba zan yanke hukunci ba. Galibi ba gashin kantin ne mai laifi ba, ja ne. Kitso ya yi tsauri, an ɗora masa nauyi, saiwar gashin gaba kuwa ita ta fi rauni. In kin tashi daga wurin mai kitso kanki na ciwo, ko ƙananan ƙuraje sun feso a bakin goshi, an ja da yawa, ki kwance a ranar. Kada ki ce kin biya kuɗi. In da wuri aka kula, yawanci gashin na dawowa cikin watanni. In an shekara da shekaru ana ja har wurin ya yi sumul yana sheƙi, mai yiwuwa saiwar ta mutu, kuma babu man da zai tashe ta, ko me mai talla ya gaya miki.

Sai dai ba kowace zubewa ce daga ja ba. Haihuwa na jawo ta, ƙarancin jini ma haka, da ciwon maƙoƙo. In daga tsakiyar kai take farawa tana faɗaɗa, wannan wata cuta ce daban, likitan fata za ki gani, kada ki tsaya gwaje-gwaje.

Shin sai kin daina gaba ɗaya? Ba lallai ba. Ki huta tukuna har wurin ya farfaɗo. In kin koma, kitso ya zama sassauƙa, a bar gashin gaba a waje, kada ya wuce mako shida zuwa takwas a kanki, ki guji gam. Kuma don Allah kada ki shafa man miƙar da gashi yau ki ɗora ɗinki gobe, gashin da sinadari ya riga ya raunana ba ya jure ja.

Ana wanke kai da shi kuwa?

Ana yi, dole ma. Ki tabbata kitson ƙasa ya bushe sarai, in ba haka ba wari da ƙaiƙayi.

Maza sun fi son wanne?

Ban tambaye su ba.