Hannuwan da Suka Gina Tsoro a Fim Ɗin Psycho

A shekarar 1960 aka saki Psycho a Amurka. Labarin wata ma'aikaciyar ofis ne, Marion Crane, wadda ta gudu da dala 40,000 da aka ba ta ta kai banki. Dare ya yi mata a hanya ga ruwan sama, ta sauka a wani ɗan otal da ba kowa sai wani saurayi mai kunya, Norman Bates, da muryar mahaifiyarsa da ake jiyowa daga gidan da ke kan tudu. In an tashi maganar fim ɗin, sunan darakta Alfred Hitchcock kaɗai ake kira. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne mutanen da ke tsaye a bayansa.

Daga ina labarin ya fito, kuma wa ya zuba kuɗin?

Daga littafin Robert Bloch ne na 1959. Mataimakiyar Hitchcock, Peggy Robertson, ita ta jawo hankalinsa gare shi. Ya sayi haƙƙin littafin ta hannun wakilai ba tare da an faɗi sunansa ba, don kada a tsawwala masa, a kan kimanin dala 9,000.

Kamfanin Paramount, wanda yake da yarjejeniya da shi, ya ƙyamaci labarin, ya ƙi zuba kuɗi. Sai Hitchcock ya ce zai biya ta kamfaninsa, Shamley, su kuma su rarraba. Ya yafe ladansa na darakta, ya karɓi kashi 60 cikin ɗari na mallakar fim ɗin. Duka aikin bai wuce kusan dala 800,000 ba, alhali wanda ya yi kafin shi, North by Northwest, miliyoyi ya ci. Wannan matsin aljihu shi ya tsara kusan komai da ya biyo baya.

Me ya sa aka yi shi baƙi da fari, bayan akwai fim mai launi tuni?

Arha na ciki, sannan jan jini a launi zai yi muni har masu tace finafinai su hana. Akwai kuma maganar ma'aikata. A lokacin Hitchcock yana da shiri a talabijin mai suna Alfred Hitchcock Presents, kuma ma'aikatan shirin sun saba aiki da sauri a baƙi da fari. Su ya kwaso, ya bar Robert Burks da ya daɗe yana ɗaukar masa manyan finafinai, ya ba John L. Russell kyamara. An fara ɗauka ranar 11 ga Nuwamba 1959 a filin ɗaukar fim na Universal da ke Kalifoniya, aka gama ranar 1 ga Fabrairu 1960. Galibin ɗaukar da gilashin kyamara mai milimita 50 aka yi, wanda ke nuna abu kusan yadda idon mutum ke ganinsa. Shi ya sa mai kallo yake jin kamar shi ne ke leƙe ta ramin bango.

Wane aiki marubucin fim ya yi, tunda ga littafi a ƙasa?

Babba kuwa. An fara ba James Cavanagh, aikinsa bai gamsar ba, sai aka kira Joseph Stefano, wanda a lokacin bai yi nisa a harkar ba. Littafin da Norman ya buɗe. Stefano ya ce a buɗe da Marion, a bar mai kallo ya shiga damuwarta, ya ji zuciyarsa na bugawa in ɗan sanda ya leƙo motarta, sannan a kashe ta tana wanka a banɗakin otal tun fim bai kai rabi ba. A littafi Norman mutum ne mai ƙiba, ya manyanta, yana shan giya. A fim ya koma siririn saurayi mai ban tausayi, Anthony Perkins ya fito a matsayinsa. Stefano ne kuma ya sa Marion ta yayyaga takardar lissafinta ta kora a masai, abin da manyan finafinan Amurka ba su saba nunawa ba. Ya ɗaure shi da labarin yadda ba za a iya cire shi ba.

Yaya aka ɗauki fitowar kisan banɗaki da kowa ke magana a kai?

A nan ne ake ganin aikin taro. Abin da ke wucewa a allo cikin mintuna uku, farmakin kansa kuma kusan daƙiƙa 45, mako guda ya ci a watan Disamba 1959. Lissafin da aka fi ambata shi ne an girka kyamara sau 78, edita, wato mai yankawa da haɗa hotuna, kuma ya yanka sau 52.

An gina banɗakin da bangon da ake iya zarewa, don kyamara ta shiga ta kowane ɓangare. Hoton da ruwa ke zubowa kai tsaye ta fuskar mai kallo, toshe ramukan tsakiyar shawar aka yi, ruwan ya riƙa wucewa ta gefen kyamara ba tare da ya jiƙa gilashi ba. Jinin ruwan cakulan ne mai kauri, domin a baƙi da fari ya fi kama da jini. Ƙarar sukar wuƙa kuwa, wani ɗan itace dangin kankana mai suna casaba aka riƙa caka wa. Janet Leigh, wadda ta fito a Marion, ita ce a mafi yawan hotunan, wata mai suna Marli Renfro ta tsaya mata a wasu. Perkins ma ba ya wurin, yana New York yana atisayen wasan dandamali.

Sai edita George Tomasini ya karɓi tarin guntayen nan a ɗakin haɗa hoto. Ga hannu, ga baki a buɗe, ga wuƙa a sama, ga labule, kowanne ƙiftawar ido. Mutane da dama sun fito suna rantsuwa sun ga an yayyanka mace, alhali ba a nuna rauni ko ɗaya a jikinta ba. Ƙwaƙwalwarsu ce ta cike gurbin da edita ya bari. A ganina babu hujjar da ta fi wannan kan cewa edita ma mai ba da labari ne.

Gaskiya ne ba Hitchcock ne ya ba da umarnin wannan fitowa ba?

Saul Bass, wanda ya tsara rubutun buɗe fim ɗin, shi ya zana fitowar hoto bayan hoto kafin a ɗauka. Daga baya ya ce shi ya ba da umarni. Janet Leigh da mataimakin darakta Hilton Green duk sun musanta. Zanen nasa ne, wannan ba gardama, amma waɗanda suka kwana bakwai a wurin sun ce Hitchcock ne ke zaune kusa da kyamara.

Kiɗan fa?

Hitchcock ya so fitowar ta tafi ba kiɗa, sai ƙarar ruwa da ihu. Mai tsara kiɗan fim ɗin, Bernard Herrmann, bai bi wannan ba. Ya rubuta kiɗan nan mai kama da ƙara, ya kunna masa, shi kuma ya sauko daga ra'ayinsa har ya ƙara masa kuɗi. Kiɗan fim ɗin gaba ɗaya da dangin goge na Turawa aka yi shi, ba ganga ba busa. Wanda ke son gane darajar mai kiɗa, ya rage sauti ya kalli Marion tana tuƙi cikin dare: mace ce kawai a mota. Ya mayar da sautin, zai ga mai gudun laifinta.

Su waye ba a cika tunawa da su ba?

Joseph Hurley da Robert Clatworthy suka tsara otal ɗin da gidan kan tudu, George Milo ya ƙawata ɗakunan, har da busassun tsuntsayen da ke saman kan Norman. Masu sutura, Helen Colvig da Rita Riggs, sun nemo wa Marion kayan kanti irin na mai ƙaramin albashi. Kafin sata kayan cikinta da jakarta farare ne, bayan sata baƙaƙe. Marshall Schlom ne ke riƙe da takardar bin diddigi, don kada abin da aka ɗauka Litinin ya saɓa da na Alhamis. Muryar uwar Norman ta mutum uku ce aka gauraya: Virginia Gregg, Jeanette Nolan da Paul Jasmin.

Sai Alma Reville, matar Hitchcock, wadda ta fara harkar fim a matsayin edita tun suna Ingila. Bayan kowa ya kalla ya ce an gama, ita ta hango Leigh ta ɗan motsa a hoton da ya kamata a ce gawa ce a kwance. Aka gyara kafin a saki.

Da aka gama, yaya aka fitar da shi?

Hitchcock ya kafa sharaɗin da ba a saba ba: in fim ya fara, ba wanda zai ƙara shiga. A wancan zamani mutum kan shiga silima a kowane lokaci, ya zauna har a zagayo inda ya tarar. Wanda ya makara a Psycho zai yi ta jiran Janet Leigh bai gan ta ba. Masu silima sun yi ƙorafi da farko, sai ga layi ya miƙe a ƙofa tun daga nunin farko a New York ranar 16 ga Yuni 1960. 'Yan jarida ma ba a nuna musu a keɓe ba, sai da suka bi layi da kowa.

An zaɓi fim ɗin a rukuni huɗu na kyautar Oscar: darakta, Janet Leigh, ɗaukar hoto na Russell, da tsarin wuri. Bai ci ko ɗaya ba. Sunan Tomasini da na Herrmann kuwa ko cikin jerin ba su shiga ba.