Me ake nufi da shanyewar jijiya ta uku ta ido?

Idan aka kai dattijo asibiti a Katsina da ido ɗaya a rufe, likita ya ce jijiya ta uku ce ta shanye, 'yan uwa kan koma gida cikin ruɗani, domin a Hausa kalmar jijiya ta haɗa hanyar jini da kuma zaren da ke ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa. Ta saƙon ake nufi a nan.

Jijiyoyi 12 ne ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane ɓangare na kai, kuma ta uku da ta huɗu da ta shida ne ke juya ido. Tsokoki 6 ke jan kowane ido. Jijiya ta uku ita kaɗai ke sarrafa 4 daga cikinsu, ita ke ɗaga fatar ido ta sama, ita ce kuma ke tsuke ɗigon baƙin da ke tsakiyar ido idan haske ya yi yawa. Shi ya sa idan ta daina aiki sai fatar ta sauko kamar labule, idon kuma ya karkata waje da ƙasa. Mai lalurar zai sa yatsa ya ɗaga fatar, ya ga kofin shayin da ke gabansa ya zama biyu, sai ya sake ta domin ya huta da jiri.

Ciwon suga da hawan jini na cikin manyan dalilai ga waɗanda suka manyanta, saboda suna toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyar, kuma irin wannan yakan warware cikin kamar wata 3 idan aka kula da tushen ciwon. Buguwar kai a haɗarin babur, da sanƙarau, da ƙari a cikin kai su ma suna jawo ta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗora lamarin kan iska ko sammu, a yi ta hayaƙi da shafe-shafe har mako ya wuce. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Idan ɗigon baƙin idon ya buɗe ya fi na ɗaya idon girma, musamman tare da matsanancin ciwon kai, to mai yiwuwa wata hanyar jini ce ta kumbura a ƙasan ƙwaƙwalwa tana danne jijiyar, kuma fashewarta na iya kisa. Wannan ba ya jiran gobe: ko daga Daura ne, a nufi asibiti a ranar, domin a samu a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa a inda ake da na'urar.

Kada kuma a haɗa ta da karkacewar baki, wadda ta shafi jijiya ta bakwai. A can idon ƙin rufuwa yake yi, a nan kuwa ƙin buɗewa.