Iskar hunturu ma tana iya kunna mana wuta

Kullum da safe, kafin in buɗe wa masu awon ciki ƙofa, firjin allurar rigakafi nake fara dubawa. Dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8. A jikin kwalbar allura akwai ɗan zagaye mai farin tabo a tsakiya. In zafi ya daki kwalbar sai tabon ya fara duhu, ranar da ya zama kala ɗaya da zagayen kuwa, allurar ta tashi aiki, sai zubarwa. Na taɓa zubar da kwalabe da hannuna a wani watan Afrilu, bayan mun kwana uku babu wuta, ga mata jere a benci da goyo, wasu tun asuba suka taso daga ƙauyukan bayan dutse. Na ba su haƙuri, na ce su dawo mako mai zuwa. Ba dukansu suka dawo ba.

Abin da ya sa ke nan ni da aikina lafiya ne nake tsoma baki a zancen lantarki. Mu nan arewacin Kamaru, daga Garwa har Marwa, yawancin wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda aka gina a kan kogin Binuwai da ƙarfin megawat 72 (megawat ma'aunin ƙarfin wuta ne). Idan damina ta yi gardama ruwa ya ja baya, mu ne muke kwana a duhu. Tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa sun rage mana zafi, Alhamdu lillahi. Amma akwai wata ni'imar da ke wucewa ta kanmu kowace shekara, muna rufe hanci muna tsaki, ita ce iska.

Injin iska fanka ce babba a kan dogon turke. Tamu ta ɗaki wuta take ci ta ba da iska, wannan kuwa iska take ci ta ba da wuta. Ba ta shan gas, ba ta hayaƙi, kuma in da iska ko tsakar dare tana aiki. Maƙwabtanmu na Cadi sun riga sun gwada: a Amjaras, can gabashin Ennedi, fankoki huɗu ne suke ba da kimanin megawat ɗaya. A Senegal, tashar Taiba Njai da aka buɗe a 2020 tana da fankoki 46 a tsakiyar gonakin mutane. A Kenya, kusa da tafkin Turkana, guda 365 aka kafa, suna ba da megawat 310.

Sai dai ba ko'ina ake kafa ta ba. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta sau takwas yake ninkawa, saboda haka tudu ɗaya zai yi, na kusa da shi ya ƙi. Kafin a kafa komai sai an dasa dogon ƙarfe mai na'urar awo, ya shekara guda ko fiye yana auna iskar wurin. Duk wanda ya ga baƙi sun zo da irin wannan ƙarfe, to lokacin magana ya yi, kada a jira sai an zubo kaya.

Amfanin farko da gari ke gani shi ne hanya. Fiffiken fanka ɗaya na manyan tashoshi ya kan kai mita hamsin ko fiye, motar da za ta ɗauko shi ba ta bin hanyar kura. A Turkana sai da aka gyara hanya ta fiye da kilomita 200. Hanyar da aka yi domin fanka, ita ce mai albasa zai bi ya kai buhunansa kasuwa kafin su ruɓe, ita ce kuma za a bi da mai naƙuda idan haihuwa ta zo da tangarɗa. Na san abin da awa ɗaya take nufi ga macen da jini ya ɓalle mata. Lokacin gini kuma akwai aikin haƙa, da kwaɓa siminti, da gadi, da tuƙi; masu tuwo da masu shayi da masu ɗakin haya duk za su samu. Amma in faɗi gaskiya, wannan cinikin na shekara ɗaya ne ko biyu. In an gama, mutane kaɗan ne ke kula da injinan, kuma masu ilimin lantarki ake ɗauka. Wanda yake da yaro a makarantar koyon sana'a, ya ƙarfafa masa gwiwa tun yanzu.

Gona ba ta salwanta gaba ɗaya. Gindin turken da 'yar hanyar zuwa wurinsa kaɗai suke cin ƙasa, sauran fili ana shuka dawa da gyaɗa, shanu na kiwo a ƙarƙashi. Mai gona yana iya karɓar kuɗin haya duk shekara, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, kuma injin ya kan yi shekara 20 zuwa 25 yana aiki.

Babban amfanin dai wutar ce kanta. Ku tambayi mai injin niƙa nawa yake kashewa a gas kowace rana. Ku tambayi mai lambu da ke ban ruwa da injin fetur yadda ya ji a jikinsa tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a bakin hanya, ta yi tsada. Mai walda, tela, mai ƙanƙara, mai cajin waya, matar da ke ƙulla zoɓo da kunun aya, kowa ribarsa a tankin janareta take ƙarewa. Ni kuwa buƙatata firji da ba ya mutuwa, da fitila a ɗakin haihuwa don ungozoma ta daina riƙe tocilan waya da baki tana ɗinki.

A nan ne nake roƙon iyayenmu masu gari, lawanai da jaurori, Allah ya ƙara muku lafiya, ku buɗe ido. Wutar babbar tasha manyan wayoyi take hawa ta tafi birni. In ba a sa taransifoma an ja layi zuwa cikin gari ba, fanka za ta yi ta juyi a bayan gidanka kana kunna aci-balbal. Ba a yi wa kowa wannan don an ga idonsa, sai an nema, an rubuta, an sa hannu. Haka batun fili. A Turkana makiyaya sun kai ƙara, kuma a 2021 kotu ta ce ba a bi ƙa'ida ba wajen mallakar filin. Tun ran gini ran zane: a rubuta haya ce ko sayarwa, shekara nawa, sefa nawa, wa zai karɓa, a bar burtali da mashaya da maƙabarta, a faɗi ma'aikata nawa za a ɗauka daga cikin gari, a faɗi wa zai kwashe ƙarafan in injin ya tsufa. A karanta takardar da Hausa da Fulatanci a gaban jama'a, kuma mata su zauna a taron, don su ne ke sussuka da ɗiban ruwa da jinyar yara, su suka san inda wuta ta fi amfani. Makiyayi da ke tafiya rani shi ma a jira shi ya dawo.

Ta ɓangaren lafiya, kada jita-jita ta tsorata kowa. Fanka ba ta hana haihuwa, ba ta korar hadari, ba ta ƙafar da nonon saniya. Abin da take da shi shi ne ƙara, wani irin huci da ake ji in an matsa kusa, da inuwar fiffike da ke gilmawa da hantsi ko da yamma. Maganinsu tazara, a nesanta turakun da gidaje da makaranta da asibiti da ɗaruruwan mitoci. Tana kuma bugun tsuntsaye da jemagu, don haka ba a kafa ta a hanyar da suke bi. Lokacin gini kuma manyan motoci za su yi yawa, a ja wa yara kunne kan bakin hanya, a nemi kamfani ya riƙa yayyafa ruwa saboda ƙura, musamman don masu asma da tsofaffi.

Ina roƙon kwamitin lafiya na kowace unguwa ya zauna tun yanzu ya rubuta wuraren da ya kamata layi ya fara isa: asibiti, famfon burtsatse, makaranta, kasuwa. A ajiye kwafi ɗaya wurin jauro, ɗaya wurin liman, ɗaya wurin shugabar mata.