Ma'anar "adiministireshan" a ƙwallon Ingila, da dalilin da magoya baya ke riƙe kocinsu a lokacin

Ranar 30 ga Janairun 2022 dubban magoya bayan Derby County suka yi jerin gwano daga tsakiyar gari zuwa filin Pride Park. Ƙungiyarsu na cikin ukun ƙarshe a teburin Championship, wato rukuni na biyu a Ingila. A al'adar ƙwallo, taro irin wannan na neman kan koci ne. Amma su roƙonsu shi ne kada ƙungiyar ta mutu, kocin kuwa, Wayne Rooney, sunansa suke rerawa. A wasan ranar Birmingham ta fara cin biyu, Derby ta farke ɗaya saura minti uku a tashi, sannan a minti na shida na ƙarin lokaci Krystian Bielik ya tashi sama, ya ba raga baya, ya bugo ƙwallon ta saman kansa ta faɗa ciki. Aka tashi biyu da biyu, filin ya ɗauki sowa kamar an ci kofi.

Wanda bai san halin da Derby ke ciki ba zai yi mamakin wannan murna a kan maki ɗaya. Bayaninta na cikin kalma ɗaya da ake yawan ji a labaran ƙwallon Birtaniya: an ce ƙungiya ta shiga "adiministireshan". Masu fassara kan ce ta durƙushe, ko ta karye, ko ta talauce, kuma duk da ƙamshin gaskiya, sai dai babu wadda ta kama ainihin abin. Ni na fi son in kira shi riƙon ceto, kuma da wannan sunan zan ci gaba.

Asalin kalmar daga dokar kamfanoni take, domin kowace ƙungiyar ƙwallo ta ƙwararru a Ingila kamfani ce mai rajista. Idan kamfani ya kai ga ba ya iya biyan basussukan da ke kansa, dokar fatarar kuɗi ta 1986, wadda aka yi wa gyara a 2002, ta ba da damar a cire ragamarsa daga hannun daraktoci a miƙa wa wasu ƙwararrun akantoci masu lasisin wannan aiki. Kotu na iya naɗa su, daraktocin da kansu na iya, haka ma wani babban mai bin bashi da ke riƙe da jinginar kadarorin kamfanin. Daga ranar da suka karɓi aiki, mai ƙungiya ya zama ɗan kallo. Masu bin bashi kuma an ɗaure musu hannu na wani lokaci: ba mai kai ƙara ko ƙwace kadara sai da izinin kotu ko na masu riƙon. Wa'adin shekara ɗaya ne, ana iya tsawaita shi.

Doka ta jera musu abin da za su nema bi da bi. Da farko su ceci kamfanin ya ci gaba da aiki. In hakan ya gagara, su samar wa masu bin bashi abin da ya fi wanda za su samu da an rufe shi. In wannan ma ya faskara, a sayar da kadarori a biya masu jingina. Nan bambancinsa yake da rushe kamfani baki ɗaya, inda ake yin gwanjon komai a rufe ƙofa. Ƙungiyar da ke cikin riƙon ceto tana buga wasanninta, tana sayar da tikiti, tana jiran mai saye. Majinyaci ne a gadon asibiti, da sauran numfashi.

Abin da magoya baya kan manta, kuma yake musu zafi idan sun tuna, shi ne waɗannan akantoci ba don su suke aiki ba. Amanar da ke wuyansu ta masu bin bashi ce. Shi ya sa matakinsu na farko yakan zama rage ma'aikata. Da Portsmouth ta shiga wannan hali a Fabrairun 2010, ita ce ta farko a tarihin gasar Firimiya, kafin wata guda ya cika an sallami ma'aikata 85. Irin waɗannan mutane ba a ganin su a talabijin: masu aikin ofis, masu sayar da tikiti da riguna, masu kula da fili.

Hukumomin ƙwallo kuma suna da nasu hukuncin a kan na doka, wato zaftare maki. Yana da tarihi. A Oktoban 2002 Leicester City ta shiga riƙon ceto, ta sauke kaso mai yawa na bashinta, kuma a ƙarshen wannan kakar ta haye Firimiya. Abokan hamayyarta da suka yi ta fama suna biyan nasu bashin suka ce an cuce su. Daga 2004 sai hukumar ƙananan rukunai ta kafa dokar zaftare maki 10, Wrexham ce ta fara ɗanɗanawa a Disambar shekarar, daga baya a 2015 aka ƙara zuwa 12. A Firimiya maki 9 ne. Akwai kuma wata ƙa'ida da nake ganin rashin adalci a cikinta ƙarara: dole a biya 'yan wasa da sauran ƙungiyoyi kuɗinsu cif, alhali mai kawo abinci, mai buga takardu da mai gyaran lantarki za su iya tashi da kwata na haƙƙinsu, domin mafi ƙarancin da hukumar ke nema daga sabon mai saye shi ne fam 25 cikin kowane fam 100 in za a biya nan take. Hukumar haraji ta Birtaniya ta kai wannan ƙa'ida babbar kotu a 2012, ba ta yi nasara ba.

To ina koci a cikin wannan duka?

Lissafin farko na kuɗi ne. Koci yana da kwantiragi, korarsa na nufin kuɗin sallama, shi da mataimakansa. Wanda za a ɗauko yana son albashi, in kuma yana aiki a wata ƙungiya sai an biya ta diyya. Ko an samo shi, zai tarar da takunkumin sayen 'yan wasa, kuma 'yan wasan kirkin da suka rage ana sayar da su don a biya albashin wata. A ƙungiya mai lafiya sabon koci kan zo da alkawarin kasuwa, a nan kuwa ba shi da abin da zai zo da shi face jakarsa. Akantan da ke ƙirga kowane fam ba zai ga dalilin kashe kuɗi a kan canjin da ba zai ƙara wa ƙungiyar daraja a idon mai saye ba.

Amma magoya baya ba da wannan lissafin suke rera sunan koci ba. Dalilinsu na farko shi ne tebur ya daina faɗin gaskiya. An zaftare wa Derby maki 12 a Satumban 2021, aka ƙara 9 a Nuwamba saboda karya ƙa'idar lissafin kuɗi a zamanin tsohon mai ita, Mel Morris. Ta ƙare kakar da maki 34, ta faɗa rukuni na uku. A cikin fili kuwa maki 55 ta ci, da tsofaffin 'yan wasan da aka ɗauko kyauta da yaran makarantar horonta, kuma da an bar mata su da ta tsira ba tare da fargaba ba. Wanda ya je fili kowane mako ya san wannan. Ya san maki 21 ɗin a ofis aka zubar da su, da hannun mutanen da ba su taɓa tsayawa a bakin layi ba, don haka ba zai ɗora wa koci laifin ba.

Labarin Wigan Athletic ya fi wannan ɗaci. Ranar 1 ga Yulin 2020 ta shiga riƙon ceto, makonni kaɗan bayan ta koma hannun sababbin masu ita daga Hong Kong. Bayan mako biyu 'yan wasan Paul Cook suka lallasa Hull City 8-0, bakwai daga ciki kafin a tafi hutun rabin lokaci. Sun tara maki 59, abin da zai ajiye su a tsakiyar tebur, aka cire 12, suka faɗa rukuni na uku. Da wane ma'auni za a ce wannan koci ya gaza?

Dalili na biyu ya fi zurfi, kuma shi ne ya fi taɓa ni. Idan mai ƙungiya ya kau, daraktoci suka watse, akantoci kuma ba sa magana sai ta takardar sanarwa, mutum ɗaya ne ke zama gaban 'yan jarida kafin wasa da bayan wasa. Shi ake tambaya yaushe za a biya albashi, wa zai saya, ko ƙungiyar za ta kai ƙarshen kaka, tambayoyin da ba aikinsa ba ne kuma sau da yawa bai san amsarsu ba. Shi ne ke shiga ɗakin sauya kaya ya lallashi yaro ɗan shekara 18 ya buga kamar ba abin da ke faruwa. A Janairun 2022 Everton, ƙungiyar da Rooney ya tashi a cikinta kuma yake ƙauna tun yana yaro, ta nemi ya zo a tattauna da shi kan aikin kocinta. Ya fito ya faɗa da bakinsa cewa ya ƙi zuwa, domin yana da aiki a Derby. Mutanen da suka ga kowa na tserewa, suka ga wanda ya fi kowa hanyar tserewa ya zauna, ba za su manta ba. Ranar 18 ga Afrilu da ƙungiyar QPR ta ci 'yan wasan Derby 1-0 faɗuwarsu ta tabbata, magoya bayan da suka bi su Landan sun tsaya suna yi musu tafi.

A ganina magoya baya suna da gaskiya a wannan lokaci, gaskiya cikakkiya. Inda nake rabuwa da wasunsu shi ne bayan hadari ya wuce. Riƙe amana hali ne, iya koci kuma sana'a ce, kuma wanda ya iya haɗa kan mutanen da aka zalunta ba lallai ne ya iya gina ƙungiyar da ake sa ran ta ci kowane wasa ba. A lokacin riƙon ceto kowane canjaras abin alfahari ne. Da zarar sabon mai saye ya biya bashi, an ɗage takunkumi, sai ma'auni ya koma yadda yake a ko'ina.

Rangers ta Glasgow, mai buga gasar Scotland, ce ta nuna wannan a fili. Ta shiga riƙon ceto ranar 14 ga Fabrairun 2012, aka cire mata maki 10, manyan 'yan wasanta suka yarda a rage musu albashi har kashi 75 cikin 100. A Yuni hukumar haraji ta ƙi amincewa da yarjejeniyar biyan wani kaso na bashin, aka rushe tsohon kamfanin, ƙungiyar ta sake farawa daga rukuni na huɗu. Ally McCoist, wanda ya fi kowa ci mata ƙwallo a tarihi, shi ne koci, kuma bai gusa ba. Ya haye da ita rukuni biyu a jere, 2013 da 2014. Amma da albashin da ya ninka na abokan karawarta nesa ba kusa ba, Raith Rovers ta doke ta a wasan ƙarshe na wani ƙaramin kofi a Afrilun 2014, sannan a Disamba Alloa ta farke ƙwallo biyu ta ci ta 3-2. Magoya baya suka shiga tsaka mai wuya: su nemi tafiyar mutumin da ya tsaya musu ranar da babu kowa, ko su yi shiru suna kallon ƙungiyar Hearts na yi musu nisa a teburin rukuni na biyu. Kafin watan ya ƙare McCoist ya bar kujerar. Wannan ba butulci ba ne daga ɓangarensu. Ana iya riƙe alherin mutum har abada kuma a yarda cewa aikin da ke gaba na wani ne.

Akwai kuma inda riƙewar ta yi riba. Bayan Cook ya ajiye aiki a Wigan, daga bisani ragamar ta koma hannun mataimakinsa Leam Richardson, ya tsirar da ƙungiyar a rukuni na uku tana cikin riƙon ceto kusan duk kakar. Sababbin masu ita daga Bahrain suka tabbatar masa da aikin a 2021, kuma a kaka ta gaba ya lashe musu gasar rukunin. A nan ƙaunar magoya baya da ƙwarewar koci sun haɗu a mutum ɗaya, shi ya sa ba a sha wahalar yanke shawara ba.

Sau da yawa ma zaɓin ba ya hannun magoya baya ko na akantoci, domin kocin ne ke gajiya. Cinikin Derby da wani ɗan kasuwa daga Amurka, Chris Kirchner, ya wargaje a Yunin 2022 bayan an yi ta jiran kuɗin da ba su iso ba. Ranar 24 ga watan Rooney ya ajiye aiki, ya ce ƙungiyar na buƙatar wanda zai zo da sabon ƙarfi, wanda watannin da suka gabata ba su nuƙurƙusa ba. Mako guda bayan haka David Clowes, ɗan yankin mai sana'ar gine-gine kuma magoyin bayan ƙungiyar tun yana yaro, ya saye ta ya fitar da ita daga riƙon ceto bayan wata tara. Paul Warne ne ya dawo da ita Championship a 2024.